Shin fesa wa farantan sola ruwa da tsakar rana yana ƙara wuta, ko asarar ruwa ce kawai?

Mai Ƙanƙara, Sakkwato:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da malamai da injiniyoyi da duk masu sana'ar sola da ke wannan zaure, tare da neman shawararku a kan wani al'amari da ya shafi hanyar cin abincina.

Ina da shagon sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi a cikin garin Sakkwato, kuma firijojina a kan sola suke aiki. Farantai takwas ne a kan rufin shagon, kowanne an rubuta masa wat 550, wanda a lissafi ya kamata su ba ni wat 4,400 idan rana ta take. A lokacin sanyi, ranar da babu hazo sosai, nakan ga inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar farantan irin wadda firiji ke amfani da ita, tana nuna abin da ya kusa wat 3,800. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da bazara ta shigo, wato lokacin da rana ta fi ƙarfi kuma kasuwar ƙanƙara ta fi tafiya, da ƙyar nake ganin ta wuce 3,200 da tsakar rana. Wani maƙwabcina ya ce zafi ne yake rage musu ƙarfi, ya sa yaro ya hau da bokiti ya watsa musu ruwa, kuma a gaban idona lambar ta tashi zuwa kusan 3,700, ta ɗan zauna a nan, sannan ta riƙa sauka a hankali.

Tun daga lokacin nake tunanin in sa a shimfiɗa bututu mai ƙananan huji a gefen sama na farantan, a haɗa shi da ƙaramin famfo, ruwa ya riƙa kwarara a kansu daga ƙarfe sha ɗaya zuwa ƙarfe uku na rana. Kafin in zuba kuɗi a ciki, ina so in ji daga waɗanda suka sani: ƙarin wutar da za a samu zai biya kuɗin ruwa da famfo? Akwai kuma masu cewa gilashin yana iya tsagewa idan ruwa mai sanyi ya taɓa shi yana cikin zafi, shin gaskiya ne? Idan akwai wata hanya da ta fi wannan, ina roƙo a nuna mini. Allah ya saka da alheri.

Malamar Fiziks, Zariya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Maƙwabcinka ya faɗi gaskiya a kan zafi, kuma abin da ka gani a kan inbata ba yaudarar ido ba ce. Farantin sola da haske yake aiki, zafi kuwa cikas ne a gare shi. Wat 550 da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, ƙwayoyin silikon ɗin da ke cikinsa kuma suna kan digiri 25 na ma'aunin Salshiyos. Da zarar ƙwayoyin sun haura haka, ƙarfin turin wutar, wanda ake aunawa da bolt, sai ya riƙa sauka, yawan wutar da ke gudana kuma ba ya ƙaruwa sai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A farantai da yawa da ke kasuwa, kowane digiri ɗaya da aka haura yana cin kimanin kashi 0.35 cikin ɗari na wutar, kuma za ka ga ainihin adadin na naka a takardar bayanansu.

Faranti da ke cikin rana tsaka yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 25 zuwa 30, wani lokaci ma fiye, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai na hasken yake mayarwa lantarki, mafi yawan sauran yana zama zafi a jikinsa. A Sakkwato a watan Afrilu, inda iska ke kai digiri 42, ba abin mamaki ba ne ƙwayoyin su kai 70. Ratar digiri 45 ke nan, wadda take cin kimanin kashi 16 cikin ɗari, wato kusan wat 700 daga cikin 4,400. Ka lura da cewa abin da ka rasa ya kai wat 1,200, saboda haka zafi bai ɗauki alhakin duka ba, akwai saura da sai an nema a wajen ƙura da hazo da wayoyi.

Yanzu sai batun ruwa, inda a ganina lissafi ya fi zato amfani. A ce kana so ka riƙe farantan a digiri 50 maimakon 70. Ribar ita ce kashi 7 cikin ɗari, kimanin wat 300 a kan dukkan takwas ɗin, wanda a cikin awa huɗu zai ba ka kilowat-awa 1.2. Domin a samu haka, dole ruwan ya riƙa kwashe zafin da ya kai wat 1,000 zuwa 1,500 daga kowane faranti, gwargwadon yadda iska ke ratsa shi, domin faɗin faranti mai wat 550 ya kai murabba'in mita 2.6, kuma duk yadda ya yi sanyi haka iska ke rage taimaka masa wajen zubar da zafi.

Hanya biyu ruwa ke kwashe zafi. Ta farko ita ce ya ɗumama ya wuce, kuma wannan hanya tana cin ruwa ƙwarai, domin lita ɗaya da ta ƙaru da digiri 10 ba ta ɗauke abin da ya wuce wat-awa 12 na zafi. Da wannan hanya kaɗai, farantanka za su buƙaci lita 700 zuwa 1,000 a kowace awa. Idan kuma ka ce za ka riƙa mayar da ruwan cikin tanki mai lita 1,000 yana zagayawa a rufe, tankin zai riƙa ƙara zafi da digiri 7 zuwa 10 a kowace awa, kafin la'asar ya zama ruwan wanka. Hanya ta biyu ita ce ya zama tururi, kuma ita ce mai ƙarfi, domin lita ɗaya da ta ƙafe tana tafiya da kimanin wat-awa 670 na zafi. Wannan ita ce hikimar da ke sa randa ta sanyaya ruwa, ita ce kuma Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunya cikin tukunya da ta samar masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Busasshiyar iskar bazararmu tana taimaka wa wannan hanya sosai. Amma ko da ita, kowane faranti zai sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu da ɗoriya a awa, wato lita 50 zuwa 70 a kan duka takwas ɗin a cikin awa huɗu, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da lissafi ya yarda da shi, idan babu ɗigo ɗaya da ya zube ƙasa ko iska ta kwashe.

Jarka biyu zuwa uku ke nan a kullum, a madadin kilowat-awa 1.2. Ka san abin da 'yan garuwa suke sayar da jarka a unguwarku a watan Afrilu, ka kwatanta shi da kuɗin wuta, wanda ko a rukunin Band A mai tsada na kwastomomin kamfanonin wuta, naira 225 aka sa wa kilowat-awa a watan Afrilun 2024. Idan sayen ruwan kake yi, ina ganin maganar ta ƙare tun a nan.

Mai Haɗa Sola, Kano:

Alhaji, barka da ƙoƙari. Malama ta yi bayanin lissafi yadda ya kamata, ni kuma zan yi magana a kan abin da muke tararwa a saman rufi.

Tambayata ta farko ita ce, bayan ruwan bokitin ya bushe kuma farantan sun koma zafinsu, a ina lambar ta tsaya? Ina tambaya ne domin bokiti ɗaya aiki biyu yake yi a lokaci guda, yana sanyayawa kuma yana wanke ƙura, mutane kuma sukan jingina duk ribar ga sanyi. Ƙurar da iska ke ɗebo mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi laushi gare ta, tana kwanciya a kan gilashi ta yadda daga ƙasa ba za ka ga komai ba, amma idan ka shafa yatsa sai ka ga layi. Ribar sanyi tana gushewa cikin mintoci, ribar wanki kuwa tana daɗewa kwanaki, kuma ba ta buƙatar famfo ko bututu, sai ruwa kaɗan da tsumma mai laushi bayan sallar asuba.

Game da tsagewar gilashi, masu faɗin haka ba su yi ƙarya ba, ko da yake ba kullum yake faruwa ba. Farantai masu gilashi ɗaya sukan zo da gilashi mai ƙarfi na milimita 3.2 wanda yake jure abubuwa da yawa, amma yawancin masu gilashi gaba da baya na milimita 2 ne, kuma bai kai wancan juriya ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin da ke ciki sirara ne ƙwarai, kuma gilashi da silikon da siraran wayoyin da suka haɗa su ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna, saboda haka maimaita zafi da sanyi na farat ɗaya a kullum yana gajiyar da mahaɗansu. Wannan ne ya sa littattafan kamfanonin da ke ƙera su suke cewa a yi wanki da sassafe ko da yamma, kuma idan an samu matsala aka gano an saɓa wa umarnin, garanti yana iya tashi.

Sai gishirin ruwa, wanda shi ne yake kashe irin wannan tsari a hankali. Duk ruwan da ya ƙafe a kan gilashi yana barin abin da ke narke a cikinsa. Ƙura tsumma yana ɗauke ta, amma wannan farin tabon yana mannewa ne, kuma idan ya yi kauri sai ya tare hasken da ya fi wanda kake nema ka ƙwato. Ƙasar Sakkwato kuwa tana da dutsen farar ƙasa, shi ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, don haka ba zan yi mamaki ba idan ruwan wasu rijiyoyin yankin yana ɗauke da shi. Ƙananan hujin bututun ma su ne na farko da za su toshe, sai wani ɓangare ya riƙa samun ruwa wani ba ya samu.

Kada kuma a manta da cewa idan an jera farantai takwas a layi ɗaya, kowanne yana ba da kusan bolt 50 idan ba a ɗora masa aiki ba, jimillarsu ta kai bolt 400, kuma babu makunnin da zai kashe ta muddin akwai rana. Mahaɗan wayoyin farantai da ake kira MC4, idan na asali ne, suna hana ruwa shiga, amma kasuwa cike take da jabu, kuma sau da yawa za ka tarar an naɗe mahaɗa da salatif an bar ta a kan kwano. Jiƙaƙƙen kwano da yaro ba takalmi da irin wannan wutar haɗari ne na rai, saboda haka ina roƙon kada a sake tura yaro da bokiti da rana. Kwanon kansa ma zai fara tsatsa a wajen ƙusoshi idan yana jiƙa kullum.

Akwai abu biyu da ya kamata duk mai wannan tunani ya duba tukuna. Idan na'urar cajinsa irin PWM ce, sanyayawa kusan ba za ta ba shi komai ba, domin ribar sanyi a bolt take zuwa, ita kuwa PWM tana janyo farantin ne zuwa bolt ɗin batir ta watsar da rarar. Na'urar caji irin MPPT ce take iya mayar da rarar ta zama caji, kuma tun da lambarka ta tashi, alama ce irinta gare ka. Na biyu, idan baturanka suna cika kafin azahar kuma firijojin ba su cinye abin da ke zuwa, inbata da kanta take rage abin da take ja, sai ya zama kana sanyaya farantai domin wutar da babu inda za ta je.

Shawarata ita ce a duba ratar da ke tsakanin farantan da kwano. Idan an manna su, a ɗaga su aƙalla santimita 10 zuwa 15, a bar gefen ƙasa da na sama a buɗe domin iska mai zafi ta samu hanyar fita. Bayan haka, idan akwai wuri, a ƙara faranti na tara, wanda ko a cikin zafin Afrilu zai ba da sama da wat 400 da tsakar rana, ya kuma yi aiki tun daga hantsi har yamma, ba tare da ya sha ko kofi ɗaya na ruwa ba.

Mai Ƙanƙara, Sakkwato:

Na gode ƙwarai, Malama da Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Lambar ta tsaya ne a wajen 3,400, kuma ta kwana biyu a haka kafin ta koma inda take. Farantan kusan a kwance suke a kan kwano, ratar ba ta fi faɗin yatsu uku ba. Batura ba sa cika sai wajen la'asar, domin firijojin ba sa hutawa a wannan lokaci. Abin da ban ambata ba shi ne ina da rijiyar burtsatse a gidan da shagon yake, sumo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiyar, yana janyo ruwa daga zurfin kimanin mita 60, kuma shi ma a kan solar nan yake. Tun da ba sayen ruwa nake yi ba, shin lissafin bai canza ba?

Manomin Rani, Kura:

Salamu alaikum. Ni ba injiniya ba ne, amma ina so in ɗan saɓa wa masu cewa a bar maganar ruwa gaba ɗaya, domin a gonata ina yi kuma ina ganin amfaninsa.

Injin ban ruwana na sola ne, babu batir a tsakani, wuta tana fitowa daga farantai ta shiga na'urar injin kai tsaye. A irin wannan tsari babu wutar da ake rasa inda za a kai ta, duk abin da ya ƙaru injin yana ƙara gudu, ruwa yana ƙara fita. Na sa an cire ƙaramin reshe daga babban bututu zuwa saman farantan, ruwan yana gangarowa a kan gilashi ya faɗa kwata, daga nan ya wuce cikin albasa da tumatir. Ruwan da dole in janyo shi ne ko da farantai ko babu, abin da na yi kawai shi ne na sa ya biya ta kansu kafin ya isa inda za shi. Da yake injin yana tashi tun da hantsi, ruwa yana fara zuba kafin gilashi ya ɗauki zafi, saboda haka batun tsagewa da Injiniya ya kawo bai taso ba, kuma ƙura ba ta samun wurin zama. Farantan kuma a kan ƙarafa suke a ƙasa, wayoyinsu a ɗaure a sama ta baya inda ruwa ba ya kaiwa.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Gansakuka tana fitowa a gefen ƙasa inda ruwa ke taruwa a bakin firam, sai an riƙa gogewa. Ƙarƙashin ƙarafan yana zama taɓo idan ba a yi masa daɓe ba. Wanda yake jan ruwan kogi ko na babbar kwata kuma dole ya sa matata, in ba haka ba laka ce zai shafa wa farantansa. Da yamma idan an kashe inji, ina sa a share ruwan da ya rage da roba mai laushi kada ya bushe a kai.

Sai dai Alhaji, gaskiya halinka da nawa ba ɗaya ba ne. Ni ruwan yana da inda za shi bayan ya sauka, kai kuwa a cikin gari kake, idan ya sauka daga kwano sai kwalbati, kuma ban san yadda maƙwabta za su ɗauki ruwa yana malala a titi a watan da wasu ke bin layin famfo ba.

Injiniya, Yamai:

Ina gaida jama'ar zaure daga Nijar, inda zafin Afrilu da Mayu bai bambanta da na Sakkwato ba. Abin da ɗan'uwanmu na Kura ya bayyana shi ne ainihin wurin da wannan dabara take da gurbi, kuma abin da aka yi a sauran ƙasashe yana goyon bayansa.

Tunanin ba sabo ba ne. A shekarar 2004 wani masani Bajamushe mai suna Stefan Krauter ya wallafa sakamakon gwajin kwarara ruwa a fuskar faranti, inda ya samu ƙarin kimanin kashi 10 cikin ɗari a wuni, kafin a cire abin da famfo ya ci. Wani ɓangare na ribar ba daga sanyi ya fito ba, siririn ruwan da ke kan gilashi yana rage hasken da ke komawa sama. Amma a wancan zamani ana sayar da wat ɗaya na faranti sama da dala 3, alhali a 2024 ya sauko ƙasa da santi 15 na dala a kasuwar sari ta duniya. Lokacin da faranti ke da tsada haka, duk wahalar da za a sha a tatso kashi 10 daga gare shi ta cancanta. Yau ƙara faranti ya fi arha nesa ba kusa ba. Sababbin nau'o'in ma ba sa jin zafi kamar na da: na TOPCon suna rasa kimanin kashi 0.30 a kowane digiri, na HJT kuwa wajen 0.25, don haka ribar sanyayawa tana ƙara tsukewa.

Shi ya sa manyan tashoshi suke dogara da iska. Tsarin da aka saba shi ne a dasa farantai a fili a kan ƙarafa, iska tana ratsa su gaba da baya, kamar yadda ake gani a tashar Gorou Banda mai megawat 30 da ke kusa da mu, ko ta Kumbotso a Kano mai megawat 10, waɗanda duka aka kammala a 2023. Tashar Noor Abu Dhabi da ta haura megawat 1,100 a cikin hamada, ko wankin farantanta injina ne masu buroshi suke yi ba tare da ruwa ba. Inda ake cin moriyar ruwa, kai farantan ake yi wurinsa. A jihar Gujarat ta Indiya an rufe wani sashe na kwatar ban ruwa da farantai masu megawat 1 a 2012, suna samun sanyin ruwan da ke gudana a ƙarƙashinsu, su kuma suna yi masa inuwa su rage ƙafewarsa. A Ghana ma akwai masu yawo a kan ruwa a madatsar Bui.

Hanya ta uku ita ce a mayar da zafin abin amfani. Akwai farantai da ake ƙerawa da bututu a manne a bayansu, ruwa yana bi ta ciki a rufe, ba ya taɓa gilashi kuma ba ya ƙafewa, sai ya fito da ɗumi. Wannan ya dace da asibiti ko otal ko makarantar kwana da ke buƙatar ruwan zafi kullum. Ko a nan akwai ja-in-ja, domin idan kana son ruwan ya yi zafi sosai dole ka bar farantin ya yi zafi, idan kuma kana son farantin ya yi sanyi ruwan ɗumi-ɗumi kawai za ka samu. Mai sayar da ƙanƙara ba shi da abin yi da ruwan zafi, don haka wannan ba tasa ba ce.

Malamar Fiziks, Zariya:

Alhaji, lambobin da ka kawo sun raba gardama: daga cikin wat 500 da bokiti ya ba ka, kimanin 200 na wankin ƙura ne, 300 na sanyi, kuma wannan ya yi daidai da lissafin da ya gabata.

Rijiyar burtsatse ta canza lissafin kuɗi, amma ta buɗe wani na wuta, domin sumo daga farantan nan yake ci. Ɗaga lita 1,000 daga zurfin mita 60 yana buƙatar kilowat-awa 0.16 idan babu asara ko kaɗan, ƙananan sumo kuwa sukan ɓatar da fiye da rabin abin da suka ja, saboda haka a aikace kimanin 0.4 ne. Idan za ka bar ruwan ya bi ta kan farantai ya zube, kana buƙatar lita 700 zuwa 1,000 a awa, wato sumo zai ci wat 280 zuwa 400 domin ya ƙwato maka 300. Idan kuma ka sa indararo ka tara ruwan a buɗaɗɗen tanki yana zagayawa, ƙaramin famfo mai wat 50 zai isa, ruwan cikon da za a janyo daga rijiya ma kaɗan ne, kuma a nan za ka iya tsira da ribar kimanin wat 250. Illar ita ce duk litar da ta ƙafe tana barin gishirinta a cikin wanda ya rage, sai ruwan tankin ya riƙa ƙara kauri kullum, matsalar da Injiniya na Kano ya faɗa ta zo da wuri. Dole a riƙa zubar da shi ana sakewa, a kuma rufe shi da raga saboda sauro.

Kana iya gwada ruwanka ba tare da kashe kuɗi ba. Ka sami ɓallen gilashin taga ka jingine shi a rana, ka riƙa yayyafa masa ruwan rijiyar yana bushewa da kansa har tsawon mako guda, sannan ka ɗaga shi ka duba ta cikin haske. Idan ya yi fari-fari kuma busasshen tsumma bai goge shi ba, abin da zai sami farantanka ke nan.

Ratar yatsu uku da ka ambata ita ce ta fi jan hankalina, domin faranti da aka kwantar a kan kwano yana iya fin wanda iska ke ratsawa zafi da digiri 10 ko fiye, wanda ya kai rabin abin da kake nema da ruwa. Idan za a ƙara na tara kuma, a fara duba iyakar bolt da aka rubuta a jikin inbata. Tara a layi ɗaya sun kusa bolt 450, kuma da sanyin safiyar Janairu suna iya kai 465, alhali wasu inbatocin iyakarsu 450 ce, wasu 500. Idan taka mai 450 ce, sai mai haɗa maka ya duba ko tana ɗaukar layi biyu, a ƙara biyu su zama goma, a raba su biyar-biyar.